LEMUN ƘARA KUZARI DA MAI SON RAGE ƘIBA

A wannan shafi mun saba yin magana a kan ƙarancin abinci. Mun yi maganar tamowar yara, da ajiyar hatsi a rumbu, da gina tassa da rabin wata don gona ta riƙe ruwa. Saboda haka mun san wani zai yi mamaki in ya ga yau mun ɗauko zancen rage ƙiba. Zai ce, a ƙasar Adar, wadda ta ga yunwar 1984 da ta 2005, wa ke kuka da ƙiba?

Akwai su. Duk wanda ya shiga kasuwar Tawa zai gan su: ɗan kasuwar da ke zaune a shago tun safe har dare, da direban da ke wuni a kan kujerar mota, da ɗan kabu-kabun da ya manta rabonsa da doguwar tafiyar ƙasa. Ko a Takanamat da Afala da Barmu, akan ga magidanci ya dawo daga Abijan ko Libiya da tumbin da bai tafi da shi ba. Wani lokaci a gida guda ake samun yaro ramamme da uba mai teɓa.

A al'adarmu ƙiba alamar wadata ce. In mutum ya yi jiki sai mu ce ya murmure, ya samu hutu. Amma ƙibar da ta wuce kima, musamman ta ciki, tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Hawan jini kuwa shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Galibi sai likita ya gwada jinin mutum ya yi masa gargaɗi, sannan yake shiga neman hanyar ragewa. Sai ya rage tuwo, ya bar mai, ya ƙaurace wa kitsen nama. Wata ya wuce, ya hau sikeli, ya tarar yana nan yadda yake. Sau da yawa abin da ya hana yana hannunsa, bai lissafa shi cikin abinci ba: gwangwani ne ko ƴar gora mai sanyi da ake kira lemun ƙara kuzari.

Daga ina ya zo, kuma mene ne cikinsa?

Wannan lemu ba tsoho ba ne a duniya. A shekarar 1976 wani ɗan kasuwa a ƙasar Tailan ya fara sayar da wani abin sha mai suna Krating Daeng. Leburori da direbobin manyan motoci ne suka fi sayensa, don ya hana su barci a bakin aiki. Daga baya wani mutumin ƙasar Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya haɗa kai da mai shi, suka sake masa fasali, suka fitar da Red Bull a 1987. Tun daga nan kamfanoni da yawa suka shiga yin irinsa. Yau suna da sunaye barkatai. Wasu daga Najeriya suke shigowa ta Ƙwanni, wasu daga ƙasashen bakin teku. Inda duk aka samu firiji ko ƙanƙara, to za a same su.

Hoton da ke jikin gwangwanin na ƙarfi ne: sa, ko doki, ko zaki, ko walƙiya. Abin da ke ciki kuwa, mafi yawansa ruwa ne, sai abubuwa biyu da muke son mai karatu ya riƙe sunansu. Na farko sukari. Na biyu wani sinadari da ake kira kafeyin. Akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa, irin su bitamin, amma ba su ne ke aikin ba.

Kafeyin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ke cikin goro, wanda kakanninmu suka yi ta ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna. Shi ne ke cikin ganyen shayi da cikin kafe. Abin da ya sake shi ne yawansa, da kuma tulin sukarin da aka haɗa shi da shi. Ƙaramin gwangwanin Red Bull, mai mililita 250, wato rubu'in lita, yana da miligiram 80 na kafeyin da kimanin giram 27 na sukari. Ƙwayar sukari guda, irin wadda muke jefawa a shayi, tana da giram 5 zuwa 6. Ke nan a ƙaramin gwangwani ɗaya akwai kimanin ƙwaya 5. In gora mai rabin lita tana da irin wannan haɗi, to cikinta akwai ƙwaya 10.

Waɗannan abubuwa biyu aikinsu dabam ne. Sukari ne ke ƙara ƙiba. Kafeyin ne ke ɗaure mutum ya kasa bari. Wanda bai rarrabe su ba zai sha wahala a banza.

Mu yi lissafin sukari

Tun da mun koyi lissafi, sai mu yi amfani da shi. Mu ɗauki mutumin da ke shan gora biyu ta rabin lita kowace rana, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Kowace tana da kimanin giram 55 na sukari. Biyu sun zama giram 110. A shekara akwai kwana 365. In muka ninka, sai mu samu kilo 40 da ƴan kai. Babban buhun sukari kilo 50 ne. Ashe wannan mutum ya kusa shanye buhu guda shi kaɗai a shekara, ban da na shayi, ban da na koko da na fura.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da shawara a 2015. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi wannan kimanin giram 50 ne. Ta ƙara da cewa in ya tsaya a rabin haka, wato giram 25, ya fi. To gora guda ta riga ta haye iyakar yini duka.

Sukarin da jiki bai ƙona ba, ajiye shi yake yi, kuma yana mayar da shi kitse. Kafin mutum ya ƙona abin da ke cikin gora ɗaya, sai ya yi tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 4. Manomin da ke noma da damina, daga asuba har azahar, yana ƙona fiye da haka. Amma damina wata uku ce ko huɗu. Da rani, in an kai hatsi rumbu, wannan manomi zaune yake, shan kuwa bai tsaya ba.

Akwai wata dabara ta sukarin ruwa da ya kamata a sani. In mutum ya ci wake ko tuwo, ciki na cika, ya ji ya ƙoshi, ya tsame hannu. Sukarin da aka sha cikin ruwa ba ya ƙosarwa haka. Mutum ya shanye gorarsa, in an kawo akushi sai ya ci kamar bai sa komai a ciki ba. Shi ya sa ba ya lissafa shi.

Ga kuma lissafin kuɗi. Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari. Mu ƙaddara gora ɗaya dala 60 ce, wato sefa 300. Biyu a rana sefa 600. A wata jika 18. A shekara jika 219. Kowa ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwarsu, ya san na akuya. Ya raba ya gani.

Me ya sa barinsa ke da wuya?

Muddin mutum yana farke, akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa sannu a hankali. Shi ne ɗan aiken da ke gaya wa jiki ya gaji, lokacin hutu ya yi. Kafeyin ba ya kawar da gajiya. Tare ƙofa yake yi, ya hana ɗan aiken nan isar da saƙo. Gajiyar tana nan tana jira. In kafeyin ya fita daga jini, sai saƙon ya iso gaba ɗaya, mutum ya ji jikinsa ya mutu fiye da da. Sai ya sake miƙa hannu ga wata gorar. Ƙarfin nan na aro ne, kuma barci ne ake biya da shi.

Kafeyin yana daɗewa a jiki. Bayan kimanin awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha da la'asar, ƙarfe 4, to ƙarfe 9 na dare rabin abin yana tare da shi. Zai kwanta ya yi ta juyi, ko ya yi barci marar nauyi. Da safe ya tashi a gajiye. Masana sun gano cewa wanda bai samu isasshen barci ba ya fi jin yunwa, kuma ransa ya fi biya masa kayan zaƙi da na maiƙo. Ta nan ne rashin barci da ƙiba suke haɗuwa.

In jiki ya saba, sai ya nemi ƙari. Guda ɗaya da ke isar mutum bara, bana sai biyu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Gora uku masu irin haɗin da muka ambata sun kai 480. Mu tuna cewa a kan wannan akwai kafen safe a teburin mai shayi, da shayin fada, da goro. Alamun ya yi yawa su ne faɗuwar gaba, rawar hannu, saurin fushi, zafin ciki da rashin barci. Yana kuma ɗaga jini na ɗan lokaci. Ga mai hawan jini ko ciwon zuciya wannan ba abin wasa ba ne.

Ranar da mutum ya bari farat ɗaya, jiki zai yi ƙara. Ciwon kai yakan fara bayan awa 12 zuwa 24. Ya fi tsanani a kwana na farko da na biyu. Akwai kasala, da hamma, da ɓacin rai ba dalili. Abin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 9, sannan ya wuce. Masu shan shayi da cin goro sun san irinsa a kwanakin farko na azumi. Da yawa a nan suke karaya. Sai su ce ai lemun ne maganin ciwon kansu, tun da suna sha yake lafawa. Gaskiyar ita ce rashinsa ne ya kawo ciwon, kuma sabo ne ya sa haka.

Yadda ake rabuwa da shi

Shawararmu ita ce a raba yaƙin biyu. A fara da sukari, domin shi barinsa ba ya kawo irin wannan ciwon kai. Kafeyin kuwa a janye shi a hankali, cikin mako biyu zuwa huɗu.

Mai shan gora biyu ya fara da barin ta la'asar, tun da ita ke sace barci. In barci ya gyaru, rabin aikin ya yi sauƙi, domin mutum zai tashi da ƙarfinsa na gaske. Bayan mako guda sai ya waiwayi ta hantsi. Ya sayi ƙarama maimakon babba, ko ya sha rabi ya rufe sauran sai gobe. Kada ya miƙa wa yaro ragowar. A mako na gaba ya musanya ta da ƙaramin kofin shayi marar sukari, ko mai ƙwaya ɗaya, ko ɓarin goro. Wannan zai tare ciwon kai, sukarin kuwa ya riga ya tafi. Daga nan sai ya ga ko zai rage shayin ma.

A nan akwai tarko, kuma mu mutanen Adar mun fi kowa faɗawa cikinsa. Shayinmu na buta, wanda ake dafawa sau uku a kan gawayi, kowa ya san yadda ake zuba masa sukari. Wanda ya bar gwangwani ya koma zaman shayi safe da yamma da dare, bai rage komai ba, ya dai sake mazubi. Haka soɓo da ruwan tsamiya da ake ƙullawa a leda, da sauran lemun kwalba. In ana son su, a dafa a gida, a sa sukari kaɗan. Harshe yana sabawa. Bayan ƴan makonni, abin da mutum ke sha da zai zame masa zaƙi ƙwarai.

Akwai irin da aka rubuta wa cewa babu sukari. Gaskiya ne wannan ba ya ɗauke da tulin sukarin nan, amma kafeyin ɗinsa yana nan daram. A 2023 OMS ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi masu maye gurbin sukari a matsayin hanyar rage ƙiba. A ganinmu yana iya zama tsani na ƴan kwanaki, ba wurin zama ba.

A zaɓi lokaci. Kada manomi ya fara a tsakiyar noman fari, lokacin da kwana ɗaya na kasala ke nufin ciyawa ta ci gona. Bayan girbi ya fi. Direba kuma kada ya fara ranar da zai ɗauki hanyar Yamai ko ta Agadas. In barci ya kama shi a hanya, ba abin da ya fi ya tsaya a inuwa ya runtsa na minti 20. Fasinja su yi haƙuri da shi, ransu ne yake tsarewa.

Sau da yawa abin da mutum ke kira gajiya ƙishirwa ce. A watan 4 da watan 5 zafin Tawa yakan haura digiri 40. Sanyin gorar ne ke jan mutum, ba abin da ke cikinta ba. A gwada shan kofi biyu na ruwan randa mai tsabta tukuna, a jira kaɗan. In fitsari ya yi ja, to jiki ruwa yake nema. Wani lokaci kuma yunwa ce, domin mutum ya fito bai karya ba. Ƙarfin da ke daɗewa yana cikin abincinmu: dafaffen wake, kwaɗon zogale, fura da nono ba sukari, ɗan dunƙulen gujiya, da kayan lambun rani irin su kabeji da tumatir da salati. Mai son rage ƙiba ya rage yawan tuwo da shinkafa, ya ƙara ganye da wake, amma kada ya yi wa kansa horon yunwa. Mai wuni da yunwa shi ne ke komawa ga gwangwani da yamma.

Abin da ya fi wuya shi ne abokai. A fada ko a tasha, aboki ya sayo ya miƙo maka, ƙin karɓa kamar raini ne. Mafita ita ce a faɗa tun da wuri, a gaban kowa, cewa an bari saboda lafiya, in za a yi alheri a sayo ruwan leda. Za a yi dariya kwana biyu, a saba. In kuma ranar biki ko suna mutum ya sha guda, kada ya ce aikinsa ya rushe. Ya ci gaba washegari daga inda ya tsaya.

A karanta jikin gwangwani

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A bayan gwangwani akwai ƙananan rubutu. A nemi kalmar “sucres” a Faransanci, ko “sugars” a Ingilishi, a dubi lambar da ke gabanta. Galibi ta mililita 100 ce. In gorar rabin lita ce, sai a ninka sau 5. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba. Ƙasar Lituwaniya ta hana sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba tun 2014.

A nemi kuma kalmar “alcool”. Akwai masu kama da lemun kuzari waɗanda aka haɗa da barasa, kuma wanda bai iya karatu ba yana iya sha bai sani ba. Ƴan uwanmu da ke zuwa Abijan sun san labarin. Can samari suka riƙa haɗa irin wannan da ƙwayar tramol, abin ya zama bala'i. Gwamnatin Kodibuwa ta dakatar da shigo da masu barasar a 2023, ta haramta su a 2024. Tramol ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Yana iya sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, kuma haɗa shi da barasa na iya tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya saba da tramol kada ya yi ƙoƙarin bari shi kaɗai, ya je gidan likita.

Haka nan muna jan kunne game da magungunan rage ƙiba da masu talla ke yawo da su a faranti cikin rana. Ba a san abin da ke cikinsu ba. Wasu na sa zawo ne ko yawan fitsari, ruwan jiki ya zube, mutum ya zaci kitse ne ya tafi. A farantin nan guda ake sayar wa mata ƙwayar ƙara ƙiba. Duka biyun a bar su.

Ta yaya za a san ana ci gaba?

Ragewa mai kyau a hankali take zuwa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ba sai mutum ya koma kamar saurayi ba. Mai kilo 90, in ya rage kilo 5 zuwa 9, sau da yawa jininsa da sukarinsa sukan nuna sauƙi. Amma wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare, wannan kada ya yi murna. Alamun ciwon sukari ne, ya je a gwada shi. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ke shan magani, ya gaya wa likitansa ya fara rage ƙiba, kuma kada ya bar magani da kansa.

Sikeli yana gidan likita, ana iya hawa sau ɗaya a wata, a rubuta lambar a littafi. Wanda ke nesa kuwa igiya ta ishe shi. Ya tsaya a miƙe ba takalmi, wani ya auna tsawonsa da igiya daga ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka igiyar gida biyu, a zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya, ba tare da an shanye ciki ba. In bakin biyu sun haɗu, to da sauƙi. In ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. A auna tazarar da ta rage da yatsu, a rubuta, a rataye igiyar a ƙusa cikin ɗaki. In sabon wata ya tsaya a sauko da ita a sake gwadawa.